Ramar Hasiya a Saman Bene

Ni ba na son a tambaye ni labarin Malam Harouna ina tsakiyar tuƙin tuwo, don sai in saki muciya tuwon ya kama. Amma tunda masu cin abinci sun watse, bari in faɗa, ko na samu ya ɗan sauka daga ƙirjina.

Sunana Ladidi, 'yar Yakasai ce ni a Kano. Shekarata goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na China ina sayar da abinci a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Xiaobei. 'Yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya su ne ke cin tuwona, sai ɗalibai ranar Juma'a in kewar gida ta kama su. Benen nan hawa tara ne, babu lif, kuma can a na taran, a wani ɗaki da bai fi shagon mai shayi ba, nan Malam Harouna ya zauna.

Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye arewa da Tanut. Dogo ne busasshe, magana sai an ja shi. Aikinsa duba kaya. In Alhazan Kano ko na Damagaram suka yi odar wandunan jins a garin Xintang, shi ke zuwa masana'antar ya zauna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya ja zif, ya duba ɗinki, ya ware masu aibi, sannan ya bi kayan har a loda su a kwantena. An yarda da shi, don ba ya gaggawa, kuma ba a rufe masa baki da kwalbar lemo.

Da faɗa muka san juna. Ina wanke shinkafa na bar famfo yana zuba, sai ga wannan dogon mutum ya bar kwanon tuwonsa, ya shigo mini kicin babu ko sallama, ya murɗe famfon. Ai kuwa na wanke shi tas. Na tambaye shi ko shi ke biya mini kuɗin ruwa, ko kuwa an naɗa shi sarkin famfon China ne ban sani ba. Bai tanka ba sai da na gama, sannan ya ba ni haƙuri, ya ce ƙarar ce ke shiga masa kai. A garinsu, in ji shi, mata kan fita da jakuna da jarkoki tun da asuba, rijiyar gaba arba'in ce, kuma sai azahar suke dawowa. Daga baya na ga yadda yake alwala: rabin kofi, a kan roba, abin da ya ɗiga kuma ya juye a jarka. Na yi masa tsiya har na gaji, bai daina ba.

Matarsa Hasiya ta rasu a shekarar da annoba ta rufe hanyoyi, babu jirgin da ke tashi. A bakin rijiya ta faɗi tana jiran layi, bayan kwana uku aka kira shi. Shi kaɗai ya yi mata addu'a a ɗakinsa. Da hanya ta buɗe na yi ta ce masa ya je ya ga kabarinta, kullum sai ya ce bayan wannan kwantenar. Ni na san ba kwantena ba ce, tsoro yake ji ya shiga gidan ya tarar ba ta ciki.

To, tafiyarsa ta ƙarshe daga gida, Hasiya ta ƙulle masa irin rama a bakin wani tsohon ɗankwali ta tura a jakarsa, saboda yana yawan yi mata ƙorafin ganyen 'yan China. Ƙullin nan ya shekara huɗu a ƙasan akwati bai kwance shi ba. Sai ga saƙon murya daga autarsa Saffana, wadda ke aure a ƙauyen. Ta ce damina biyu ruwa ya ɗauke da wuri, ɗan abin da ya tsira awaki sun cinye, irin ramar Inna ya ƙare ƙaf. Ta zaga maƙwabta, tasu ba ita ba ce. Ta Inna gajeruwa ce mai jan kara, kuma mai sauri, kwana sittin ta yi fure ba ta jiran kaka, don tun daga kakar Hasiya ake zaɓen irin saboda gajeriyar damina. Ta tambaye shi ko ƙullin nan yana nan. Ya ce yana nan, kuma in sha Allahu zai shuka, ya kawo mata sabon iri da hannunsa. Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci komawa gida.

Iri ya tsufa. Ya gwada ƙwaya biyar a jiƙaƙƙen tsumma, ko ɗaya ba ta motsa ba. Hankalinsa ya tashi, ya zuba sauran gaba ɗaya, bai rage ko ƙwaya ba. Bakwai suka tsiro. Wato duk abin da ya rage na ramar Hasiya a faɗin duniyar nan, tsiro bakwai ne a saman benenmu.

Ya je kasuwar furanni ya sayo manyan tukwanen roba guda bakwai, ya dawo yana mita. Wai an cuce shi, kowace da huda a gindi, wane irin mutum ne zai sayar da mazubi mai yoyo? Ya ce tsohon mai shagon ya yi ta nuna masa hudar yana surutu da hannu, shi kuwa ya ce masa shiye-shiye, wato na gode, ya kama hanya. A kicin ɗina ya ɗora wuƙa a wuta ta yi ja, ya yanko tsohon silifa ya narka, ya liƙe hudojin nan ɗaya bayan ɗaya, yadda suke liƙe jarka a garinsu. Ina tsaye. Har yaba masa na yi, na ce hannunsa ya iya.

Sau uku gwiwata ta yarda na hau saman nan kafin abin ya faru, kuma wallahi ban taɓa ganin shukar da aka yi wa gata irin wannan ba. Akwai wata 'yar rumfar kwano a jikin tankin ruwa, nan ya jera su a matse da juna don su yi wa juna inuwa, ranar safe ta same su, ta tsaka kuwa ba ta kai gare su. Baƙar roba tana jan zafi, saboda haka ya naɗe kowace tukunya da farin buhu. Ƙasar ya gauraya ta da ɓawon kwakwa da ya roƙa wajen masu sayar da ruwanta a bakin titi. A tsakiyar kowace ya binne 'yar tukunyar ƙasa mai tsattsafo, ya cika ta ya rufe bakinta da murfin kwalba, ruwan yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. A sama kuma ya shimfiɗa ƙyallayen jins da ya kwaso daga Xintang, rufi biyu, don kada rana ta sha rabonta. Ba ya ba su ruwa sai ya tura yatsa ya ji ƙasar ta bushe har gaɓa ta biyu. Ruwan alwalarsa na kwana uku ya ishe su mako guda, kuma yana faɗin haka da alfahari kamar wanda ya gina masallaci.

Na ce masa, Malam, garin nan fa ruwa ya yi musu yawa har ba su san inda za su kai shi ba, kai kuma kana auna shi da cokali. Sai ya ce ramar ba ta san haka ba, da ƙishirwa aka rene ta.

Da ganyen ya buɗe sai wata fitina ta taso. Duk wanda ya san rama ya san ganyenta yatsu-yatsu ne, in ba ka lura ba sai ka rantse wiwi ne. Mai gidanmu, wata tsohuwa 'yar China, ta hau shanya ta gani, ta sauko ta shigo mini da hoto a waya tana nuna wuyanta da hannu. A ƙasar nan ba a wasa da wannan zance, mutum sai ya ruɓe a kurkuku, mai gida ma ba ta tsira ba. 'Yan samarin da ke cin abinci kuma suka samu abin dariya, suna kiransa Malam mai harka. Na ɗaga ludayi na ce duk wanda ya sake faɗa, ya nemi wani wurin cin tuwo. Ranar ce kaɗai Malam Harouna ya yarda aka taɓa ganyen. Ya tsinko cikin tafi ɗaya, yana tsinka yana runtse ido, na dafa na kwaɗa da ƙuli na miƙa wa tsohuwar. Ta kai baki, tsamin ya kama ta, ta yamutse fuska ta yi dariya, magana ta mutu. Amma tun daga ranar ya sa kwaɗo a ƙofar saman, mabuɗi ɗaya gare shi, ɗaya gare ta.

Shi da kansa ya kai ragowar kwaɗon ramar baki, loma ɗaya, sai ya ajiye kwanon ya juya wa mutane baya.

Daga nan ya fara ba ni tsoro. Duk ranar da ba shi da aiki, da ya idar da azahar sai ya haye, ya zauna a gaban tukwanen har la'asar. Wata rana ya sauko ya zauna a bakin kicin, ya ce mini cikin sanyin murya, in ya ɗaga ƙyallen zai gwada ƙasa, yakan tarar an riga shi, ga ramin yatsa nan, ƙarami, ba nasa ba. Na ce tsuntsu ne ko ɓera, ya yi ta'awizi ya daina zaman kaɗaici. Ya ce to. Can kuma ya ce marigayiya ma haka take yi, yatsan tsakiya take turawa. Na ƙara wa rediyo murya.

Ranar kwana sittin da ɗaya furen farko ya buɗe, ruwan ƙwai mai duhun ciki. Ya ɗauki hoto ya tura wa Saffana, ta turo guɗa. Furanni suka bi juna, suka fara zubewa, ƙananan ƙwanso suka fito kore shar. Ya lissafa ya ce saura mako uku su ƙosa su bushe. Har ya fara tambayar kuɗin jirgi zuwa Yamai.

Sai aiki ya faɗo. Wani Alhaji ya yi odar kwantena uku, sai an duba a Xintang an bi su har tashar jiragen ruwa ta Nansha, kwana goma sha biyu ba dawowa. Ya so ya ƙi, amma shekara takwas yana yi wa mutumin aiki, kunya ta hana shi. Ana gobe zai tafi ya cika 'yan tukwanen ƙasar nan, ya ƙara rufin ƙyalle. Sannan ya yi abin da kowane ɗan garinsu zai yi in zai bar gida a lokacin damina: ya janyo tukwanen bakwai daga ƙarƙashin rumfar, ya jera su daidai bakin kwanon, inda ruwa ke zubowa in an yi sama. Ya ce ko yayyafi aka yi, kada ya wuce su a banza.

Ya kawo mini mabuɗin da kansa.

"Hajiya, rana ta bakwai ki hau. Kofi ɗaya-ɗaya, a cikin 'yar tukunyar, ba a kan ƙasa ba. Kada ki ƙara ko kin ga sun langaɓe."

Na ce ya tafi abinsa, ai ba jariri ya bar mini ba.

Rana ta biyar sama ta haɗe. Aka yi ta turo saƙo a waya cewa guguwa na tafe daga teku, shaguna suka rufe, aka ɗaure tagogi. Ruwa ya sauko, kuma bai ɗauke ba sai da ya kwana huɗu. Titinmu ya zama kogi, ina kallon takalman mutane suna wucewa ta taga. Kun san abin da na ce? Na ce alhamdu lillahi, Allah ya hutar da gwiwata, ramar Malam ta samu wanda ya fi ni iya ban ruwa. Shi ma ya kira ni daga Xintang muryarsa fal murna, yana tambaya ko mu ma muna samu. Na ce sosai. Muka yi ta sa wa ruwan albarka, ni da shi, manya biyu masu furfura, ko ɗayanmu bai tuna da silifan da aka narka a kicin ɗina ba.

A rana ta bakwai ɗin ina yanka albasa da hantsi, sai na ji gabana ya faɗi haka kawai, kamar an kira sunana daga matakala. Har na ajiye wuƙa na ɗauki mabuɗin. Na leƙa na ga hawa bakwai a gabana, ga ruwa na bin bango, ga gwiwa na zugi, ga mutum shida na jiran miya. Na mayar da mabuɗin kan ƙusa. Da na hau ranar, da ƙusa ɗaya ta isa in huda gindin tukwanen nan. Wannan shi ne abin da ke cina har yau, kuma ba na jin zai daina.

Bayan ruwan sai rana ta buɗe da irin zafin nan na Guangzhou mai kama da tururin tukunya, kwana huɗu cur. Ban hau ba, don a ganina wanda ya sha ruwan kwana huɗu ba ya bukatar kofina.

Ya dawo ranar Talata da la'asar, ko jakarsa bai kai ɗaki ba ya karɓi mabuɗi. Na ce bari in bi shi in ga 'ya'yan nasa. Yana gaba ina baya ina hutawa a kowane hawa, yana ba ni labarin yadda zai raba irin: kashi ɗaya na Saffana, ɗaya zai zuba a kan kabarin, ɗaya kuma nawa in ina so. Tun a hawa na takwas na fara jin warin.

Tukwanen bakwai cike suke taf har baki. Ruwan ya yi kore yana kumfa, ƙyallayen jins suna yawo a kai, sauro ya yi gida. Karan ramar sun yi baƙi sun kwanta a bakin robar, ganye ya narke. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe. Sannan ya durƙusa ya kama ta farko ya ɗan ja, ta taho a hannunsa ba saiwa. Ya bi ƙwanson da suka rage ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da farce, yadda yake duba ɗinkin wando, ba gaggawa. Kowanne ya fashe sai baƙin ruwa da 'yan fararen ƙwayoyi da ba su yi ƙwari ba. Ya tura hannu har gwiwar hannu cikin taɓon yana lalube, ko wani ya faɗa ciki. Ya yi haka a duka bakwai ɗin.

Ni kuwa bakina da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Da ƙyar na ce masa ban hau ba, ko sau ɗaya, na ga ana ruwa na ce sun ƙoshi. Na so ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Ni ma da ni ne, Hajiya, da ban hau ba," ya ce. "Wa ke zuwa duba shuka don an yi ruwa?"

Ya goge hannunsa a jikin riga. Muna nan tsaye wayarsa ta yi ƙara, Saffana ce, ta san ranar zai dawo, ta hau tudun da suke samun sabis. Na yi masa alama da ido ya bari sai ya huce, ko ya ce mata da saura. Bai kalle ni ba, ya ɗauka, kiran bidiyo ne. Na hango ta, siririya, da goyo, bayanta fili fetal ba ko ɗanyen ganye. Suka gaisa, ta tambayi hanya, sannan ta tambayi ramar Inna.

Ya ce ta mutu. Ta ce ƙishirwa ce? Ya ce a'a, ruwa ne ya yi mata yawa.

Yarinyar nan ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce, ta ce Baba ya daina, ruwa yana kashe shuka ne? Sai ya juya wayar ya nuna mata tukwanen. Dariyar ta tsaya. Ta tambaya ko duk wannan daga sama ya zubo, ya ce daga sama. Ta ce su kwanansu talatin da takwas rabonsu da ko yayyafi.

Sannan ta sassauta murya ta ce, "Ko ƙwaya ɗaya ba ka rage ba, Baba?"

"Ko ɗaya."

Ta gyara goyonta, ta kalli gefe. Can ta ce to shi ke nan, Allah ya sa haka ne mafi alheri, sai ya zo ɗin dai, tunda ya ce ƙarshen wata.

Malam Harouna ya dubi hannunsa da taɓo ya bushe a kai.

"In zo miki da me?" ya ce.

A kan haka kiran ya yanke.